Abin da Hannun Kaltume Ya Ce

Dogon Dutsi, watan Fabrairu

Zuwa ga Yaya Zalihatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar da Inna ta ce tana damunki? Yaya mutanen Kamba? Mu nan lafiya muke, Inna ma da sauƙi, sai ciwon gwiwa.

Na san kina turo saƙon murya a wayar Inna kina tambayata. Ina kallonta ta kara wayar a kunne, tana gyaɗa kai, wani lokaci ta share ido. In ta gama sai ta nuna mini da hannu wai kina gaishe ni. Duk tsawon saƙon, abin da ke isowa gare ni ke nan. Tun da sanƙarau ya ɗauke mini ji muna yara, ke kaɗai ce kike zama ki rubuta mini magana har ƙarshenta. Shi ya sa na ce bari mu koma takarda kamar da, in ba Habu direba ya kawo miki.

Na fita takabar Musbahu makon jiya. Inna ta sa an yi mini kitso, ta fito mini da atamfar nan mai ruwan ganye, na sa. Maƙwabta sun shigo, ina kallon bakinsu yana cewa haƙuri, haƙuri, ina gyaɗa kai. Yaya, har yau ban yi kuka ba. Kada ki yabe ni da dauriya, neman kukan nake ban same shi ba. Ƙanen Musbahu ya zo ya kwashe kayan kafintancin marigayin, da zarto da guduma da teburin da ya yi shekaru yana aiki a kai, ni na taya shi ɗorawa a amalanke. Da ya tafi na share wurin na koma kan keken ɗinkina. Ina ci, ina sallah, ina barci. Abinci duk ɗanɗanonsa ɗaya.

Kin tambayi Inna abin da ya kashe shi, ta ce miki ajali. Ajali ne, amma bari in faɗa miki yadda ya zo. Bara ya yi ta fama da ciwon kai, na raka shi asibiti. Aka ɗaura masa abin awo a hannu, aka ce tansiyo ne, hawan jini. Wanda ya duba shi ya sa takunkumi a baki, don haka ban ga leɓensa ba, shi kuma Musbahu kin san kurma ne tun haihuwa, ba ya karatu. Mutumin ya ɗaga ƙwaya, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya nuna gabas. Muka gane: guda ɗaya kowace safiya. Abin da ba mu gane ba shi ne ba a dainawa. Da kwalin ya ƙare, kai ya daina ciwo, muka gode wa Allah. Bayan wasu watanni ya faɗi a wurin aiki, ko gida ba a kawo shi da rai ba.

Ni ma an auna ni bayan rasuwar, an ce nawa ya hau. Wata maƙwabciya ta rubuta mini cewa akwai wani proje da ya zo gari, masu bincike ne a kan maganin tansiyo, suna ɗaukar mutane su ba su magani su riƙa duba su. Na je. Yarinyar da ke rubuta sunaye ta yi mini kirki, ta ba ni kujera, sannan ta rubuta mini cewa ba za a iya ɗaukata ba, saboda bayanin da baki ake yin sa, kuma ana kiran mutum a waya kowane mako. Na gode mata na dawo. Ban ji haushi ba. A hanya na tsaya na sayi zare.

Ki gaishe da yara, ki daure ki rubuto ko da layi biyu ne.

Ƙanwarki,
Basira

Dogon Dutsi, watan Afrilu

Yaya Zalihatu,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, yaya zafi? Nan rana tana dukanmu sosai. Takardarki ta iso tare da man shafawar Inna, tana godiya. Na karanta abin da kika ce, in zo Kamba in huta. Ba gajiya ke damuna ba, Yaya, amma na gode.

Maganar projen nan ba ta ƙare inda na zata ba. Kin tuna Malam Jibo, gurgun nan mai shagon gyaran rediyo kusa da tasha? Shi ne shugaban ƙungiyarmu ta naƙasassu yanzu. Labarin korata ya kai gare shi, ya hau kekensa ya tafi har ofishinsu. Ban san abin da ya faɗa ba, amma bayan kwana kaɗan sai ga babbar likitar projen a ƙofar shagona. Sunanta Likita Salma, Bazabarma ce daga Yamai. An ce Hausarta a karye take, ni dai ba ruwana da wannan, rubutunta yana karantuwa. Ta zo da ƙaramin allo irin na 'yan lakwal, wato makarantar boko, da alli, ta zauna a kan bencin masu jiran ɗinki, ta rubuta: "Mun yi kuskure. Ki taimake mu mu gyara."

Ta yi mini bayani a hankali, tana rubutawa tana gogewa. Magani iri biyu suke gwadawa, duka sanannu ne, suna so su san wanda ya fi dacewa da mutanen nan. Ta ce in aka gwada magani a kan 'yan birni kawai, masu ji, masu waya, masu kusa da kwalta, sannan aka raba wa kowa, to ba a san komai ba a kan sauran mutane. Na rubuta mata labarin Musbahu. Ta daɗe tana kallon allon kafin ta goge.

Yanzu an kafa kwamiti, wai haɗin gwiwa tsakanin masu binciken da ƙungiyarmu da ta mata manoma da ta makiyaya. An sa ni a ciki. Ranar zaman farko akwai wani saurayi mai wa'azi daga masallacin 'yan kasuwa, akwai kuma wata tsohuwa 'yar bori daga wajen Lugu. Shi ya zauna a wannan bango, ita a wancan, ko kallon juna ba su yi ba. Da aka zo tambaya sai ga shi abu ɗaya suke nema su biyun: a faɗa musu inda ake kai jinin da aka ɗiba, da abin da ake yi da ragowarsa. Na ga mutane suna dariya. Ni ma na buɗe baki kamar yadda suka yi.

An canza doka. Wanda ba ya ji, za a je a same shi maimakon kira. Ni aka ba aikin yi wa kurame bayani da hannu, kuma ni ce kurma ta farko da aka rubuta. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne bayanin ƙuri'a, domin ba likita ke zaɓar maganin da za a ba mutum ba, sa'a ce. Daga baya na samo tsakuwa biyu, fara da ja, in dunƙule su a hannu in sa mutum ya zaɓa. Akwai kuma magana ɗaya da Likita Salma ta ja wa layi a ƙasa, ta ce kada in taɓa tsallake ta: mutum yana iya ƙi, kuma ba abin da za a yi masa.

Kuramen gari da ke taruwa a tasha, abokan Musbahu, da yawa sun shiga. Wani cikinsu ya tambaye ni ko in mutum ya warke zai daina sha. Na nuna masa a'a, har ƙarshen rai. Hannuna ya yi bayanin sarai, ban ji komai a raina ba.

Tsohuwar nan ta Lugu ta ce akwai wata kurma a wani ƙauye kusa da su, mai yawan riƙe kai. In an samu mota za mu je.

Ki gaishe da maigidanki da kyau. Allah ya bar zumunci.

Taki,
Basira

Dogon Dutsi, watan Yuni

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da iyali. An yi muku ruwan shuka? Nan an yi sau ɗaya, mutane sun shuka, sai kuma ya ɗauke. Ki yi haƙuri da tsawon wannan takarda, ba ni da wanda zan faɗa wa sai ke.

Mun je ƙauyen. Hanyar rairayi ce tsantsa, sai da muka sauka muka tura mota. Matar sunanta Kaltume, za ta girme ki kaɗan. Kurma ce tun haihuwa, ba ta taɓa shiga lakwal ba, ba ta taɓa zama da wani kurma ba. Tana zaune gidan wanta, Mani, tun da aurenta ya mutu. Mun same ta tana sussuka. Da aka auna ta, na ga fuskar Likita Salma ta canza, ta sake aunawa a ɗayan hannun. Ta rubuta mini cewa ya fi na kowa hawa cikin waɗanda muka gani.

Mani mutumin kirki ne, kada ki ɗauka wani abu. Shi ke ciyar da ita, shi ya yi mata ɗaki. Da ya ji za a ba ta magani kyauta, mota kuma ta riƙa kai ta Dogon Dutsi kowane wata a duba ta, sai murna. Tun kafin in ɗaga hannu na ga bakinsa ya ce, "Ta yarda." Ya kamo babban yatsanta zai dangwala a takarda, ita kuma ta miƙa masa kamar an ce ta miƙo ludayi, idonta yana kan turminta. Likita Salma ta rufe takardar, ta nuna ni.

Maganar hannunta ba irin tamu ta gari ba ce, ita ta ƙirƙiri abinta. Ranar farko ba mu fahimci juna ba sai a kan ruwa da gero da rana. Muka yi ta komawa. Mukan zauna bayan rumbu mu biyu, ina taya ta tsintar wake. A hankali na gane yadda take cewa miji, da yadda take cewa da can, da yadda take cewa mutuwa. Ita ma ta gane nawa. Ranar da ta fahimci cewa ni ma ba na ji, ta kama kunnena ta leƙa ciki, ta yi ta dariya har ta riƙe ciki.

Na yi mata bayanin komai: jinin da ke hawa, da ƙwayar, da tsakuwa biyu, da motar, da allurar ɗibar jini, da gadon da ake kwantar da mutum a auna zuciyarsa. Na ba ta labarin Musbahu, na nuna mata yadda ya faɗi. Ta gane sarai, domin ta karɓi tsakuwoyin ta maimaita mini duka ba ta bar komai ba. Sannan na nuna mata maganar ƙarshe, cewa tana iya ƙi. Ta tsaya tana kallona. Ta nuna ƙirjinta, wato ni? Na ce ke.

Sai ta ɗaga rigarta. Akwai tabon yanka daga cibiya zuwa ƙasa, tsoho, ya yi baƙi. Ta ba ni labarin da hannu, kuma ban taɓa ganin hannu ya yi magana haka ba. Tana yarinya naƙuda ta yi mata tsawo, aka ɗauke ta a mota zuwa wani asibiti mai nisa. Aka kwantar da ita a gado, mutane suka danne ta, bakuna suna motsi a samanta, aka rufe mata fuska da wani abu. Da ta farka ciki ba kowa, hannu ba kowa. Ba wanda ya nuna mata jaririn, ba ta san ko namiji ne ko mace ba, ba ta san inda aka kai shi ba. Daga nan ba ta sake ganin jinin wata ba, ba ta sake ɗaukar ciki ba, miji ya sake ta. Na tambayi Mani daga baya, ya ce jaririn a mace ya zo, kuma sai da aka cire mata mahaifa don a ceci ranta. Ya ce kowa ya san haka. Ita kaɗai ce ba ta sani ba. Ni na faɗa mata, Yaya, bayan rumbu, bayan shekara kusan talatin. Ta tambaye ni namiji ko mace. Na je na tambayo, na dawo na ce mata mace. Ta gyaɗa kai ta ci gaba da tsintar wake.

Amsarta a kan binciken ita ce a'a. Ba za ta shiga motar ba, ba za ta hau gadon ba. Na bari aka kwana biyu, muka koma, na sake tambaya, na sake nuna mata haɗarin. Ta ture iska da bayan hannunta na dama, haka take cewa a'a, ta yi shi a fili.

Muka taru gindin gawo a ƙofar gida, ni da ita da Mani da Likita Salma. Likita ta rubuta a allo, "Mi ta ce?" ta miƙo mini alli. Yaya, a wurin nan ba mai gane hannun Kaltume sai ni. Da na rubuta ta yarda, ba wanda zai musa, Mani zai dangwala yatsanta, za a sa ta a mota kamar yadda aka saba. Na tuna Musbahu. Na riƙe allin har ya jiƙe da gumi, sannan na rubuta, "Ta ce a'a."

Da aka faɗa wa Mani, ya miƙe tsaye. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, na karanta a bakinsa: "Ke ma kurma ce kamar ta, mi kika sani? In ta faɗi ke za ki ɗauke ta?" Likita Salma ta yi ta lallashinsa. Ta bar wa Kaltume maganin tansiyo na yau da kullum wanda zai kai ta wani lokaci, ta rubuta wa ma'aikacin ɗakin shan magani na yankinsu ya ci gaba da ba ta. Wannan Kaltume ta karɓa, amma daga hannuna. Na nuna mata ba a dainawa, na sa ta maimaita.

A mota Likita ta dafa kafaɗata. Ni tagar nake kallo, gonakin duk sun bushe.

Ki sa ni a addu'a. Inna tana gaishe ki.

Ƙanwarki,
Basira

Dogon Dutsi, watan Agusta

Yaya Zalihatu,

Assalamu alaikum. Yaya damina, yaya yara da zazzaɓin lokacin nan? Allah ya tsare mana su.

Na karanta amsarki. Kin ce da ke ce da kin rubuta ta yarda, a ceci rai tukuna, a ba ta haƙuri daga baya. Ban ji haushinki ba. Malam Jibo ma kusan abin da ya faɗa ke nan. Ya kira ni shagonsa ya rubuta mini a bayan wani kwali cewa shi ya yi faɗa don a shigar da kurame, ga shi ni ina fitar da su. Ya ce masu ba da tallafi za su duba adadi, in suka ga kuramen ƙauye kaɗan ne za su ce haɗin gwiwar ba ta da amfani, gobe kuma wani proje zai zo ya sake rufe mana ƙofa. Ban ga ƙarya a maganarsa ba. Ya yi shekaru yana turo kekensa ofis ofis, ya san su fiye da ni.

An yi zaman kwamiti a kan maganar. Likita Salma ta ce za ta rubuta cikin rahoto waɗanda aka tambaya suka ƙi, da dalilinsu in sun yarda a faɗa, domin su ma an kai gare su. Tsohuwar Lugu ta tambaya mi ya sa wanda ya ƙi ba za a riƙa kai masa maganin yau da kullum ba, tun da motar tana bi ta ƙofarsa. Saurayin nan mai wa'azi ya ɗaga hannu ya goyi bayanta. Likita ta ce ba ita ke da iko ba, amma za ta rubuta Yamai ta nema. An rubuta, ana jira.

Ruwa ya yi yawa bana. Ƙoramar da ke hanyar ƙauyen su Kaltume ta cika, mota ba ta wucewa, rabona da ita tun farkon damina. Na sa an kira ma'aikacin ɗakin shan maganin, ya ce maganin tansiyo ya ƙare musu, sun nema ba a kawo ba tukuna. Na ba wani mai babur kwali ɗaya ya kai mata, ya dawo da shi ya ce ruwa ya kai ƙirji.

Nawa tansiyon ya sauka, an ce in yi murna. Ina shan ƙwayata kowace safiya. Ɗinki ya yi yawa, ina yi. Inna takan tsaya a ƙofar shago tana kallona, in na ɗago sai ta yi kamar wani abu take nema.

A gaishe da kowa da kowa.

Taki,
Basira

Dogon Dutsi, watan Nuwamba

Yayata Zalihatu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi kaka lafiya. Yaya jikinki, yaya maigidan? Inna tana nan, ta ce in gode miki da shinkafar da kika aiko.

Kaltume ta faɗi. Lokacin girbi ne, ta ɗauko damin gero daga gona, ta zube a hanya. Tsohuwar Lugu ce ta kawo labarin ranar zaman kwamiti. A zaman nan ne kuma Likita Salma ta karanta amsar Yamai, an amince a riƙa kai magani ga waɗanda suka ƙi shiga. Aka rubuta mini labaran biyu a allo ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa.

Washegari muka tafi, hanya ta bushe. Mani yana zaune gindin gawo yana gyaran igiya. Na durƙusa na gaishe shi, bai ɗago ba. Ya rame.

Tana kwance a ɗakinta a kan tabarma, an tsaftace ta, an sa mata zane mai kyau. Ɓarin jikinta na dama ne ya shanye. Bakinta ya karkace, hannun dama yana ajiye a gefenta. Da shi take magana, Yaya. Duk abin da ta ƙirƙira tun tana yarinya, da shi take yi, na hagu taimako kawai yake. Ta gane ni, idonta ya bi ni har na zauna. Na ɗauki hannun na riƙe, da ɗuminsa, da kantar taɓarya a tafin. Na matsa shi, ba ta san na matsa ba.

Likita Salma ta tsaya a bakin ƙofa, ta sa in tambaya ko ta shigo ta duba ta. Na tambaya. Kaltume ta kalle ta, ta kalle ni, ta ɗaga hannun hagu da ƙyar ta taɓa gwiwata. Sai Likita ta miƙo mini abin awon, ta nuna mini yadda ake ɗaurawa, ni na auna, ita ta karanta daga inda take. Ta ba da magani, ta koya wa matar Mani yadda za a riƙa juya ta da motsa mata gaɓoɓi. Ta ce wani abu yana iya dawowa, ba ta yi alkawari ba.

Da suka fita aka bar mu mu biyu. Ban yi niyyar tambaya ba, hannuna ne ya yi. Na nuna mata motar, da gadon, da ranar nan ta gindin gawo, na nuna jikinta yadda ya koma. Na ce, da kin san haka, da kin yarda? Ta daɗe tana kallona. Sannan hannun hagun ya tashi, ya motsa gefe, ya faɗi. Yana iya zama a'a irin nata. Yana iya zama rawar da hannun ke yi tun da muka shigo. Na sake tambaya, ya sake tashi, ya sake faɗuwa, sai ta rufe ido.

Da na juya sai na ga Mani tsaye a bakin ƙofa, ban san tun yaushe ba. Ya durƙuso daidai fuskata yadda zan ga bakinsa, ya yi magana a hankali. Ya ce, "Mi ta ce?" Shekara hamsin suna tare, Yaya. Na kalle shi na ce masa da muryata, wadda ban san yadda take fita ba, "Ban gane ba." Ya zauna a dokin ƙofa. Muka yi ta zama mu uku har direba ya zo ya nuna mini agogo.

Kada ki tambaye ni ko na yi daidai. Na juya abin ta kowane gefe, ba ya yi mini nauyi ba ya yi mini sauƙi, yana nan dai. Malam Jibo ya aiko mata da sabulu da sukari. Akwai wasu kurame biyu a wajen Sukukutane da za mu je wa mako mai zuwa, zan yi musu bayani duka, in rubuta abin da suka ce.

Na roƙi Likita Salma ta bar mini wuri a motar duk ranar da za ta bi ta Lugu, ta yarda. Kafin mu taso Mani ya biyo mu har mota, bai kalle ni ba, ya gaya wa direba a faɗa mini in na dawo in zo da wuri, ta fi samun ƙarfin hannun da safe.

Ki gaishe da yara, ki gaishe da maigidanki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Basira